Man Gyaɗar Inna

Duk wanda ya san ni a tashar Kaura Namoda a shekarun da nake tuƙi zai gaya maka bakina ba ya mutuwa. Na yi faɗa da 'yan kamasho, na yi da masu lodi, na taɓa tsayar da mota a tsakiyar daji na sauke wani attajiri da buhunansa saboda ya dame ni da "kai direba, kai direba" kamar ba ni da uba. Mutum ɗaya ce a duniya ban taɓa iya buɗe baki a gabanta ba, ita ce surukata, uwar matata. Inna muke ce mata, ni da kowa.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Zurmi, ba shi da nisa da Dauran. Lokacin da nake ba da labari muna ƙarƙashin Sakkwato, jirgin ƙasa kuma yana zuwa Kaura. Motata tsohuwar a-kori-kura ce, ita kaɗai ce motar garin. Nakan kwashi mutane da gero da dawa da awaki in kai Kaura, ran Alhamis kuma in yi Shinkafi. Saboda haka duk abin da ya shigo garinmu daga waje, in dai ba a kan jaki ya zo ba, to a bayan motata ya zo.

Inna man gyaɗa take yi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, da wannan sana'a ta rene su har ta aurar da matan, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Tun da sassafe za ka ji ƙamshin suyar gyaɗa daga gidanta, ana juya ta a kasko da yashi. In an murje an sheƙe, sai daka, sai a zuba ruwan zafi a yi ta juyawa a turmi har mai ya taso. Abin da ya rage, tunkuza ke nan, a murza a soya ya zama ƙuli-ƙuli. Ba ita kaɗai ke ci a wannan turmi ba. Mata uku na maƙwabta suna taya ta aiki tana sallamar su. Manoma suna auna mata gyaɗa tun a kaka ba sai sun yi dako zuwa kasuwa ba. Mai tsiren garinmu kuwa da ƙulinta yake haɗa yajinsa, har 'yan Dauran kan zo takanas don tsirensa. Ban san darajar wannan duka ba sai da na taya aka rushe shi.

Tsakanina da ita kunya ce irin ta da, wadda yaran yanzu za su ji kamar tatsuniya. In na hango ta a hanya sai in sake hanya tun daga nesa. In ba yadda zan yi, sai in cire takalmi in tsuguna gefe har ta wuce. Gaisuwarmu ta bayan zana ce, ina waje tana ciki. In ce, "Inna, an wuni lahiya?" ta ce, "Lahiya lau, a gaida gida." Shi ke nan, in tashi. Wani zai ce ai ga matarka, sai ta riƙa kai maka magana. To matata ɗiyar fari ce. Inna ba ta faɗin sunanta, ba ta zama hira da ita, ko kallon ta ba ta yi in da mutane. A hannun gwaggonta ma ta tashi. Ni da matata duk ɗaya muke a gaban Inna, kurame biyu.

Farkon aurenmu matata ta aika da kwalba da kuɗi a sayo mai, kamar yadda kowane gida ke yi. Kwalba ta dawo cike, kuɗin ya dawo ƙulle a bakin ƙyalle, ga ƙuli-ƙuli kan faifai. Na ce to, ai na amarci ne. Mai ya ƙare aka sake aikawa, aka sake dawo da kuɗin. Muka yi dabara muka ari kwalbar maƙwabta, aka je da sunan su ne ke so. Ina! A gari irin namu an san kazar kowa, balle wanda mai ya ƙare wa. Kuɗin ya dawo gidanmu kai tsaye, ko gidan maƙwabtan bai biya ba.

Abin ya fara cin raina. Gidan direba ba ya rabo da baƙi, yau fasinjan da dare ya yi wa, gobe abokin tasha, tukunyarmu ba ta sauka. Mai kuwa kamar shan sa ake yi. Kullum da safe ina ɗumama mota ina jin bugun taɓaryarta daga can ƙarshen gari, in ce a raina, tsohuwar nan tana kashe kafaɗunta, ni ƙato mai mota ina cin guminta a banza. Zuwa in ce mata ta karɓi kuɗi ba zai yiwu ba. Ta yaya? Da wane baki? Suruki ba ya ciniki da surukarsa.

Rannan a Kaura na ga man gyaɗa na inji a garwa, irin wanda ake kawowa daga Kano. Nan take na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Na saya na ɗora a mota, ina tuƙi ina yaba wa kaina. Da na isa gida na ce wa matata, "Daga yau mun sauke wa Inna nauyi, kada a sake aika kwalba." Ta dubi garwar, ta dube ni, ta ce, "To." Daga baya ta gaya mini tun a ranar gabanta ya faɗi, amma ta rasa abin da za ta ce, don ita ma kunyar kuɗin da ke dawowa ta ishe ta.

Kuskuren da na yi ba sayen ba ne kaɗai. Motata a gindin ceɗiyar ƙofar masallaci take tsayawa, inda dattawa da masu zaman banza ke wuni. Nan na sauke garwar da rana tsaka, sabuwa fil, tana ƙyalli. Wani mai shisshigi, Allah ya jiƙansa yanzu, ya ce, "A'a, mai daga Kaura? Ga na surukarka nan?"

Na ce, "Ina ruwanka da abin da nake ci? Kai ka sai min motar?"

Aka yi dariya, ya ja bakinsa. Da na san abin da wannan amsa za ta haifa, da na haɗiye ta. Amma me zan ce? In tsaya gaban jama'a in ce surukata ba ta karɓar kuɗina? Ba a kawo zancen suruka a dandali. Na ɗauki garwata na wuce, su kuma suka ga mutum ya fusata a kan tambayar da ba ta kai ta fushi ba, suka ce lallai akwai abin da yake rufewa.

Ba a jima ba sai sautu ya fara. Sautu shi ne a ba matafiyi kuɗi ya sayo wa mutum abu, direban ƙauye kuma ba ya ƙin sautu, in ya ƙi a ce ya yi girman kai. Da farko gida ɗaya ne, matar wani malamin makaranta ta ce a taho mata da irin nawa. Sai wani gidan, sai wani. Mutum biyu uku su haɗa kuɗi su raba garwa. Man injin ya fi haske a ido, ya ɗan fi araha, ba shi da ƙamshi ko kaɗan, amma wa ya damu? Na wayi gari duk dawowar da zan yi da garwa a bayan mota, suna ta ƙarar gwaruwa da juna a kan gargadar hanya. Wani saurayi ma ya kafa tebur yana aunawa da ludayi. Mai tsire ya daɗe yana riƙe da Inna, daga baya shi ma ya ce in taho masa da ƙuli daga Kaura.

Ba zan ce ban lura ba. Na lura. Bugun taɓarya da nake ji kullum ya koma wata rana a ji wata rana shiru. Matan nan uku suka koma ɗaya. Na ce wa kaina gyaɗa ce ta yi tsada, zamani ne ya zo da haka, ko'ina injin ke korar turmi. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ta zauna mini daram. Ita kuwa Inna ba abin da ya canja a gaisuwarta. "Lahiya lau, a gaida gida."

A wannan tsakanin ne muka kafa ƙungiyar samarin gari, muka taso da maganar garinmu ya samu kasuwarsa. Ni ne uban surutu a ciki. Nakan miƙe a taro in ce, "Kuɗinmu a motata suke tafiya Kaura da Shinkafi, ni na fi kowa sani. Mu noma, mu kai musu da araha, mu sayo da tsada. Sai yaushe za mu ci namu?" A tafa mini. Ina faɗin haka, garwani na jibge a bayan motata ƙofar masallaci, ban kuma ji kunyar kaina ba. Wallahi ban haɗa biyun ba a lokacin. Ko kuma na haɗa, na kawar da kai.

Dattawa suka amince, aka tsai da Laraba, don fataken da ke wucewa kasuwar Shinkafi su riƙa yada zango su yi ciniki. Aka yi gayya aka share fili bayan gari, aka kafa rumfuna da kara. Sannan aka yi wata yarjejeniya da tsofaffi suka ce haka ake raya sabuwar kasuwa. A kasuwannin farko ba wanda zai koma gida da kayansa. Duk abin da ya yi kwantai zuwa la'asar, mutanen gari za su bi rumfa rumfa su saye, ko suna buƙata ko ba sa buƙata, don labari ya bazu cewa kasuwarmu ta ci. Ni na ɗauki alkawarin kwaso mutanen ƙauyukan kewaye kyauta.

Ranar farko gari ya cika. Mahauta suka kayar da sa, makaɗa suka zo, masu tukwane da masu tabarmi da masu gishiri suka baje. Ina ta kai da kawo, rigata sharkaf da gumi, muryata ta dushe don ihu. A sawu na ƙarshe da na sauke mutane ne na hango ta.

Inna ba ta taɓa zaman kasuwa ba a rayuwarta. Gida ake bin ta. Amma ga ta nan a layin tsofaffin mata masu daddawa da kuka, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera kwalabe a kai. An wanke kwalaben har suna ɗaukar ido, kowace da toshiyar sabon ƙyalle a baki. Ta yafa mayafinta na zuwa biki. Tana zaune a miƙe, hannayenta kan gwiwa, ba ta kiran kowa. Can ɗaya gefen kuwa saurayin nan mai tebur yana ta auna man garwa, mata sun yi masa layi. Ni na kawo masa garwar shekaranjiya.

Na gane abin da ya fito da ita. Ta ji an ce yau ranar kayan gida ce, ba wanda zai koma da nasa. Ta ce bari ta gwada sau ɗaya, ko sana'arta za ta tashi.

Duk wunin ina satar kallon wajen. Baƙi ɗaya biyu sun tsaya sun ɗaga kwalba, sai in ga wata ta raɗa musu magana, su ajiye su wuce. Ban san abin da ake raɗawa ba. Na ce a raina ba komai, la'asar na zuwa.

Da aka sallame la'asar muka taru mu 'yan ƙungiya da wasu dattawa, muka fara bin rumfuna, ni a gaba saboda bakina. Muka saye ragowar nama, muka saye tabarmi, wani dattijo ya sayi tukunya har uku yana cewa matarsa za ta kore shi. Ana ta raha. Sai muka iso layin tsofaffi. Aka kwashe daddawa, aka kwashe kuka. Saura kwalaben Inna, ko ɗaya ba ta ragu ba.

Sai na ji raha ta tsaya. Kowa ya ja baya kaɗan, aka bar ni a gaba. A lokacin na ɗauka kara suke mini, wai suruki ya fara. Daga baya na gane kallo suke yi su ga abin da zan yi. Da na sunkuya na ɗauki kwalba ɗaya, ko da ban ce uffan ba, da an wawashe sauran kafin in miƙe. Wannan na sani yanzu kamar yadda na san sunana.

Ban taɓa tsayawa gabanta ido da ido ba, balle a kasuwa, balle in miƙa mata kuɗi. Wani tunani kuma ya zo mini, in ta ƙi karɓa a gaban mutane fa? In ta ce a kwashe duka a kai gidana kyauta? Sai na cire takalmi na tsuguna, kaina a ƙasa, na ce, "Sannunku da kasuwa, iyaye." Tsofaffi suka amsa, na ji muryarta a ciki. Na tashi na ce wa na kusa da ni mota na buƙatar ruwa, na zagaya ta bayan rumfa na tafi.

Suka biyo ni, dukansu. A duk kasuwar nan kayan mutum ɗaya ne suka koma gida ranar. Daga inda na tsuguna gaban mota ina zuba ruwan da ba ta buƙata, na ga ta jera kwalaben a ƙwarya, ta naɗe farin ƙyallen, ta ɗora a kai da kanta. Ba ta yi sauri ba. Daren nan aka yi ta yabona a gari, wai ni ne jigon kasuwa. Ban iya cin tuwo ba.

Laifi ya kama ni tun ranar, amma ban san girmansa ba. Na ɗauka na bar ta a rana ne sau ɗaya, zan gyara a wata Larabar, in sa wani ya saye mini a ɓoye. Ba ta sake fitowa ba. Kafin damina ta faɗi, turmin ya yi shiru gaba ɗaya. Na ji an ce ta ba matar da ta rage tana taya ta kaskon suya, turmin kuma an mirgina shi gidan wata amarya. Ta koma kaɗin auduga a ɗaki. Na auna gero na aika mata, ina jiran a dawo da shi kamar yadda aka saba. Ba a dawo da shi ba. Aka ce ta gode. Matata da ta ji haka sai ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san uwarta ba ta taɓa cin hatsin da ba ita ta saya ba.

Akwai wata tsohuwa mai daddawa, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, kuma kakata ce ta wajen dangi, don haka wasa ke tsakanina da ita. "Angona" take ce mini. In ta gan ni sai ta ce na hana ta kuɗin cefane, ni kuma in ce na sake ta tun bara. Wata safiya ina kwance ƙarƙashin mota ƙofar gida ina ɗaure wani abu, sai na ga ƙafafunta. Na ce, "Tsohuwa, ba a biko da sassafe."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hito, saƙo gare ni."

Na fito ina goge hannu. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo 'yar ƙaramar kwalba, an naɗe ta da farin ƙyalle. Ta ce, "Na ƙarshe ne da ta yi kafin ta ba da turmi. Ya daɗe ƙarƙashin gadonta, ta kasa aikowa. Ta ce a ba ka ka duba ko wanga ya yi."

Na ce, "In duba mi?"

Ta ce, "Kai da gaske ba ka sani ba, ko iskancin naka ne?"

Na rantse mata. Sai ta zauna kan dutsen da nake tokare taya da shi, ta gaya mini abin da duk garin ya sani ban da ni da matata. Tun ranar da na sauke garwar farko aka ce surukin Inna ya ga wani abu cikin manta, shi ya sa ya daina ci, kunya ce ta hana shi faɗi. Wasu suka ce gashi ne. Wasu suka ce ƙadangare ya faɗa a turmi. Wasu suka ce idonta ya fara mutuwa, ba ta ganin ƙazanta. Ba wanda ya gaya mini, don ba a kawo wa suruki irin wannan magana. Abin da ake raɗa wa baƙi a kasuwa ke nan.

Tsohuwa ta ce, "Ita ma ta ji, kuma ta yarda. Ta ce yaron ga ba ya ƙarya, in bai ga komi ba ba zai bari ba. Tun sannan sau biyu take tace mai, kowane da sabon ƙyalle. Kallabi biyu take ɗaurawa in za ta yi aiki. Ta hana kowa taɓa turmin in ba ta ga ya wanke hannu ba, har matan sunka ji haushi sunka bar ta. Ni kaina sai da ta ba da turmin ta gaya min." Ta miƙo kwalbar. "Ta ce ba don ka saya ba, ta riga ta bari. So take ta san mi kag gani."

Na ɗaga kwalbar a rana. Ban taɓa ganin mai irin wannan ba, ko ƙwayar gari babu a gindinsa. Halina ya motsa, na miƙe ina cewa yau sai na ga wanda ya fara wannan magana, ko waye ubansa a garin nan, sai na fasa masa baki a gindin ceɗiya.

Tsohuwa ta ce, "Zauna, angona. Wa za ka buga? Ba wanda ya fara. Kai ka faɗe ta da garwa, ka sake faɗin ta ran kasuwa."

Na zauna a ƙasa, nan cikin baƙin mai da ƙura. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Ban fita da mota ba. Bayan azahar na yi wanka na sa riga, na tafi gidan Inna. Na yi sallama, na cire takalmi, na tsuguna bayan zana inda na saba. Ina jin ƙarar mazarinta, sai ta tsaya. Muka gaisa. Ta ce, "A gaida gida," tana jiran in tashi. Ban tashi ba.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni, yau zan yi rashin kunya."

Sai na fara. Na gaya mata komai, tun daga kuɗin da ke dawowa a bakin ƙyalle, da yadda nake jin taɓaryarta da safe raina na ɓaci, da garwar, da sautu, da abin da ya riƙe mini ƙafa ran kasuwa. Na ce ban taɓa ganin komai cikin manta ba, ban taɓa cin mai mai daɗinsa ba, kuma Allah ne shaidata. Na ce zan sayo sabon turmi da kasko, zan kawo gyaɗa a motata, zan tsaya gindin ceɗiya in faɗa da bakina. Abin da na roƙa kawai ta riƙa karɓar kuɗina kamar na kowa. Tunda nake ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

Sannan ta ce, "Allah shi yi albarka. Ba komi. Hannun ya riga ya mutu, ba ya iya taɓarya."

Na ce, "Inna, a samo masu daka, ke ki zauna ki nuna musu."

Sai ta ce, a hankali, "Wanda anka kai maka, ka duba shi?"

Na ce, "Na duba, Inna. Ba abin da ke ciki. Na da ma ba abin da ke ciki."

Ta ce, "To." Na ji ta ɗauki mazarinta. "Kai ɗan mutunci ne. Ko ka gani ba ka faɗi."

Duk rantsuwar da zan ƙara, kara za ta ɗauke ta, don abin da ta sani game da ni ke nan tun ranar da na auri ɗiyarta, mutum ne mai rufa mata asiri. Na tsuguna nan har ƙafafuna suka yi sanyi, sannan na sa takalmina.

Washegari na tsaya gindin ceɗiya na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko. Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce, "Madalla da suruki mai kara." Na daina karɓar sautun mai, na yi faɗa da rabin gari a kan haka, kafin shekara ta zagayo wata mota ta fara shigowa tana kawowa. Kasuwarmu ta ci, tana nan har aka yi jihar Zamfara, kuma in ana lissafa waɗanda suka kafa ta da ni ake farawa. Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Man nan na 'yar kwalba matata ta zuba mana shi a kan dafaffen wake, muka ci mu biyu. Inna ta yi shekaru bayan haka, ina zuwa gaishe ta bayan zana, ina aika hatsi tana karɓa. Har ta rasu ba ta sake tambayata abin da na gani ba, kuma na san ba don ta yarda da ni ba ne.